TAƘAITACCEN TARIHIN DOKTA ALBERT D. HELSER (1897 – 1969), BAWAN ALLAH A CIKIN MASU KUTURTA

GABATARWA

Sa'ad da ikilisiya ta cika shekara 50, ya kamata ta waiwaya baya ta tambayi kanta ta wace ƙofa Bishara ta shigo ƙasar da take zaune. Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne, ko 'ya'yan ma'aikata, waɗanda neman abinci ya kawo su masana'antun Bompai da Sharada da Challawa. Mun san ƙofofin kamfanonin jima da na saƙa da na roba, mun san ƙarar jiniya ta shiga aiki da ta tashi. Amma akwai wata ƙofa a bayan garin nan wadda ta girmi yawancin waɗannan ƙofofi, wato ƙofar zangon masu kuturta na Yadakunya, wurin da mutanen Kano suka fi sani da suna Bela. Ta wannan ƙofa ce Hausawa da dama suka fara jin labarin Yesu.

Littafin Firistoci, sura 13, shi ne ya ba da dokar fitar da mai muguwar cutar fata zuwa bayan zango, ya zauna shi kaɗai. Wannan littafi ɗaya kuma, a sura 25, shi ne ya kafa shekara ta hamsin, shekarar da kowane mutum zai koma gādonsa da danginsa. Saboda haka ba mu kauce daga bikinmu ba idan muka tsaya muka tuna da waɗanda aka fitar, da kuma wani bawan Allah da ya ba da ƙarfinsa domin su. Sunansa Albert David Helser. Za mu faɗi abin kirki da ya yi, ba kuwa za mu ɓoye abin da ke da zafi a cikin aikin zamaninsa ba.

DUNIYAR DA AKA HAIFE SHI A CIKI

An haifi Helser a shekarar 1897. A cikin wannan shekara, a watan Oktoba, manyan likitocin duniya suka yi taronsu na farko a kan kuturta a birnin Balin na ƙasar Jamus. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Armauer Hansen ya gano ƙwayar da take kawo cutar, amma babu wanda ya san maganin da zai kashe ta. Da yake babu magani, sai taron ya ba da shawara cewa hanya mafi kyau ita ce a ware masu cutar daga sauran jama'a. Gwamnatoci da yawa suka riƙe wannan shawara da hannu biyu.

Tun kafin taron ma wasu ƙasashe sun riga sun fara. A tsibiran Hawai an yi doka a 1865, kuma a watan Janairu na 1866 jirgin ruwa ya sauke mutane na fari a wani lungu na tsibirin Molokai, inda teku ta kewaye su ta gefe uku, dogayen duwatsu kuma suka tare gefe na huɗu. An raba miji da mata, an raba uwa da ɗanta. Mutane wajen 8,000 ne aka kai can kafin a soke dokar. A wurin ne Fada Damien, ɗan ƙasar Beljiyam, ya je da son ransa a 1873, ya yi musu hidima har shi ma ya kamu da cutar, ya rasu a 1889.

A Afirka ta Kudu an tsare masu kuturta a tsibirin Robben har zuwa 1931, tsibirin nan da daga baya aka ɗaure Nelson Mandela a kansa. A Amurka an buɗe zangon Carville a jihar Luwiziyana a 1894, inda mutane da yawa suka canja sunayensu domin kada kunya ta kama danginsu. A ƙasar Filifin kuma an fara kwashe masu cutar zuwa tsibirin Culion a 1906. Ko'ina labarin iri ɗaya ne: mutum bai yi laifin kome ba, amma an yi masa hukuncin da ake yi wa mai laifi, sau da yawa har iyakar ransa.

HAIHUWARSA DA KIRANSA

Garin Thornville a jihar Ohayo ta Amurka, ƙasar manoma, nan ne mahaifar Albert Helser. Ya tashi a cikin ɗarikar da ake kira Church of the Brethren, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda ta samo asali a ƙasar Jamus a 1708. An san mutanen wannan ɗarika da ƙin yaƙi, da zaman tawali'u, da kuma wanke wa juna ƙafafu a lokacin Jibin Ubangiji, bisa ga abin da Yesu ya yi wa almajiransa. Yaron da ya girma yana ganin dattawa suna durƙusawa su wanke ƙafafun 'yan'uwansu, shi ne Allah ya kai shi wurin mutanen da ƙafafunsu suka cika da gyambo.

Helser mutum ne mai son karatu ƙwarai. Bayan karatunsa a Amurka ya ɗan sami horo a kan cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin Landan, irin horon da ake ba masu aikin mishan. Daga baya ya kai matsayi mafi girma na karatu a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin New York, a fannin ilmin koyarwa. Daga nan ne ya sami sunan Dokta. Ya kamata mu lura da wannan, gama mutane da yawa suna tsammani likitan asibiti ne. Shi malami ne, mai wa'azi, marubuci, mai iya tsara aiki da tara mutane. Matarsa, Lola, ta tsaya tare da shi cikin dukan shekarun aikinsa a ƙasarmu.

GARKIDA, A GINDIN TSAMIYA

A ƙarshen 1922 Helser da abokin aikinsa Harold Stover Kulp suka sauka a Legas. Suka nufi arewa maso gabas, ƙasar Bura. A wancan lokaci gwamnatin Turawan Ingila ba ta sakin hannu ga masu mishan a ƙasashen da sarakunan Musulunci suke mulki, saboda haka samun izinin zama ya zo musu da wuya. Daga ƙarshe aka bar su su zauna a Garkida, a bakin kogin Hawul. Ranar 17 ga Maris, 1923, suka yi sujada ta fari a gindin wata tsamiya. Wannan rana ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, E.Y.N., take riƙe da ita a matsayin ranar kafuwarta, kuma a 2023 ta yi bikin cika shekara 100.

Farkon aikin ya zo da hawaye. Matar Kulp, Ruth, ta rasu a 1924, ba da daɗewa ba bayan isowarta, aka kuma sa wa asibitin Garkida sunanta. Duk da haka suka daure. Suka koyi harshen Bura, suka rubuta shi, suka buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Helser ya zauna da dattawa ya tattara tatsuniyoyi da karin maganar Bura, domin ya yarda cewa yaro ya fi gane karatu idan an fara da abin da ya sani a gida da gona. A kan wannan ra'ayi ya rubuta littafin da ya ba shi digirinsa, wanda aka buga a 1934. Gaskiya ne cewa wasu kalmomin da ya yi amfani da su a kan 'yan Afirka kalmomin zamanin mulkin mallaka ne, waɗanda kunnenmu ba ya so a yau. Shi ma ɗan zamaninsa ne. Amma ya saurari mutanen, ya kuma ɗauki hikimarsu a bakin wani abu.

A Garkida ne ya ga kuturta ido da ido. A 1929 mishan ɗin ta buɗe zangon masu kuturta a Virgwi, kusa da Garkida, ƙarƙashin Likita Russell Robertson, da taimakon wata ƙungiyar Kiristocin Amurka mai suna American Mission to Lepers. Mutane suka riƙa tahowa a ƙafa daga nesa, daga kabilu dabam dabam, wasu bayan tafiyar kwana da kwanaki. Shekara ɗaya kafin wannan an buɗe irinsa a Itu, a 1932 kuma aka buɗe na Uzuakoli, dukansu a gabashin Nijeriya. Helser ya ga abubuwa biyu a Virgwi. Na fari, yawan masu cutar ya wuce yadda kowa yake zato. Na biyu, mutanen da aka sallama da begen warkewa sukan koma garuruwansu da karatu, da waƙoƙi, da bangaskiya.

KUTURTA A ƘASAR HAUSA

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa ba ta da tsibiri ko kurkukun da ake jefa masu kuturta. Suna zaune a cikin gari ko a gefensa, suna shiga kasuwa, suna aure, suna da shugabansu mai sarautar Sarkin Kutare. Yawancinsu bara ce abincinsu, a ƙofar masallaci da bakin kasuwa da ƙofofin gari, jama'a kuwa suna ba su sadaka domin neman lada. Har karin magana ta nuna cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano.

Amma kada mu ɗauka zaman daɗi ne. Akwai wariyar da ba ta bukatar katanga. Ana ware wa mutum ƙwaryarsa da tabarmarsa, aurensa yakan mutu, ana gudun neman auren 'ya'yansa. Mutane suna cewa cutar gādo ce, ko sakamakon rantsuwar ƙarya, ko sammu, ko haɗa kifi da nono. Duk waɗannan ba gaskiya ba ne, amma sun sa wa marar lafiya kaya biyu, ciwo a jiki da zargi a zuciya. Saboda tsoron wannan zargi, wanda ya ga tabo a jikinsa sai ya rufe shi da riga, har cutar ta ci jijiyoyinsa, yatsu su daina jin zafi, wuta ta ƙone su, ƙaya ta soke su, su rube su gutsure.

Da Turawa suka zo, suka kawo tunanin taron Balin. Aka yi dokar da ta ba hukuma ikon keɓe masu kuturta, hukumomin En'e kuma suka kafa zanguna a wasu larduna. Amma kuɗi kaɗan ne, likitoci kaɗan ne, masu cutar kuwa dubbai ne. Gwamnati ba ta da ƙarfin kama kowa, zangunan kuma suka zama wuraren ajiye mutane kawai. A 1924 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna BELRA domin yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila take mulki. A 1936 babban likitanta, Ernest Muir, ya zagaya Nijeriya, aka kuma ƙarfafa shawarar cewa a haɗa hannu da mishan wajen riƙon zangunan.

ZUWANSA KANO

A nan ya kamata mu tuna yadda ƙofar Kano ta daɗe a rufe. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai Bishara cikin ƙasar Sudan. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya rage, shi ne ya ci gaba da aikin da ya zama Sudan Interior Mission, S.I.M. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na C.M.S. suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta ci gaba da tsare mishan daga ƙasar sarakuna har wajen shekara 30. An gama buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma hanyar kai shi ga Hausawan Kano da Katsina da Sakkwato ƙunƙuntacciya ce.

A 1936 Helser ya bar mishan ɗin 'Yan'uwa ya shiga S.I.M., aka danƙa masa jagorancin aikin kuturta. Ya zo da abin da ya koya a Garkida, da sanayya da masu ba da taimako a Amurka, da kuma iya magana da manya. Aka yi ta shawara tsakanin gwamnati da sarakuna da mishan. A lokacin Alhaji Abdullahi Bayero ne Sarkin Kano, Alhaji Muhammadu Dikko ne Sarkin Katsina, Hassan ɗan Mu'azu kuma shi ne Sarkin Musulmi. A 1937 S.I.M. ta karɓi riƙon zangunan lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa. Na Kano da fari yana Sumaila, daga baya aka mai da shi Yadakunya, kusa da birni. Wanda ya san Hausa ya ji abin da sunan nan yake faɗa: a ya da kunya.

Wajibi ne mu ba sarakunan nan girmansu. Musulmi ne masu kishin addininsu, sun kuwa san sarai abin da ya kawo Turawan mishan. Amma sun dubi wahalar talakawansu suka yarda. Sun sa sharuɗɗa a kan wa'azi, domin kada a tilasta wa kowa barin addininsa saboda magani, En'e kuma ta ci gaba da ba da nata kuɗi. Zangunan na lardi ne, mishan riƙo take yi. Ba kullum aka zauna lafiya a kan waɗannan sharuɗɗa ba, an sha samun ƙorafi daga kowane gefe. Duk da haka aikin ya tsaya, Musulmi da Maguzawa da Kirista suka sha magani a layi ɗaya.

ZAMAN ZANGO

Zangon masu kuturta a wancan zamani ya fi kama da ƙauye fiye da asibiti. Akwai unguwanni da masu unguwa daga cikin marasa lafiya. Akwai gonakin dawa da gero da gyaɗa, gama Helser da abokan aikinsa sun yarda cewa wanda yake da sauran ƙarfi ya kamata ya yi noma ya ci guminsa, kada ya koma bara. Akwai makaranta inda manya da yara suka koyi karatu da rubutun boko. An koya wa wasu wanke gyambo da ɗaure shi da yin allura, suka zama ma'aikatan jinya na 'yan'uwansu. Wasu suka koyi kafinta da gini da ɗinki.

Maganin da ake da shi a lokacin mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya da maƙwabtanta, ana kiransa chaulmoogra. Allurarsa ake yi a cikin fata da tsoka, mako bayan mako, shekara bayan shekara. Tana da zafi ƙwarai, takan kuma kumbura ta yi ƙurji. Wasu sun sami sauƙi, musamman waɗanda cutar ba ta yi nisa a jikinsu ba, amma ga masu cuta mai tsanani amfaninsa kaɗan ne. Yawancin sauƙin da aka gani ya zo ne daga abinci mai kyau, da tsabta, da kulawa da gyambo, da kuma ganin cewa akwai wanda ba ya ƙyamar taɓa su.

Ga abin da ke da zafi. Ko da yake yawancin mutane da ƙafafunsu suka zo, zango wariya ne. Mutum yakan yi shekaru bai ga garinsu ba. Wani ya dawo ya tarar an raba gonarsa, matarsa ta yi wani aure. Wani ma danginsa suka ƙi karɓarsa, ya komo ya kafa bukka a gefen zangon, shi ya sa har yau akwai unguwanninsu kewaye da waɗannan asibitoci. Mafi zafi duka, jariran da aka haifa a zango akan ɗauke su daga iyayensu mata a kai su gidan reno, domin kada su kamu. An yi haka da kyakkyawar niyya bisa ga sanin wancan lokaci, amma hawayen uwar da aka raba da jaririnta hawaye ne na gaske. Bai kamata ikilisiya ta manta da su ba.

A cikin wannan wuri na ciwo ne Ubangiji ya tara wa kansa jama'a. Waɗanda suka koyi karatu suka karanta Linjila da kansu. Suka karanta yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, da labarin Na'aman, da na kutare goma waɗanda ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Wasu suka ba da gaskiya, wasu suka koma gida da addininsu na dā da kuma lafiyarsu. Daga cikin masu bi aka sami masu bishara, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, 'ya'yansu da jikokinsu kuma suna cikin ikilisiyoyin Hausa har wa yau.

Aikin Helser a cikin wannan duka shi ne na mai ɗaukar nauyi. Likitoci da masu jinya ne suke ba da magani, shi kuwa yana zagaya zangunan, yana daidaita tsakanin mishan da hukuma, yana rubuta littattafai da wasiƙu, yana bin ikilisiyoyin Amurka da Kanada yana neman kuɗi da ma'aikata.

SABON MAGANI YA RUSHE KATANGA

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin zango ƙwayar magani ce 'yar ƙarama. A 1941 Likita Guy Faget ya gwada wani sabon magani mai suna Promin a Carville, aka ga warkewar da ba a taɓa gani ba. Amma allura ce mai tsada. A ƙarshen shekarun 1940, a nan Nijeriya, a Uzuakoli, Likita John Lowe ya nuna cewa za a iya haɗiyar tushen wannan magani, wato dapsone, kaɗan kaɗan ba tare da ya yi lahani mai yawa ba. Ƙwayar tana da araha ƙwarai. Ashe ƙasarmu tana da hannu a cikin abin da ya 'yantar da masu kuturta a duniya.

A farkon shekarun 1950 Likita Charles Ross ya jagoranci sabon tsari a Jihar Arewa. Maimakon a kawo marar lafiya zango, sai a kai masa magani kusa da gida. Aka buɗe wuraren shan magani a ƙauyuka da kasuwanni, ma'aikaci ya zo a kan keke ranar da aka sa, mutane su haɗiye ƙwayarsu su koma gona. Dubun dubatar mutane suka shiga wannan tsari. Da yawa daga cikin ma'aikatan da suka taka keken nan mutanen da aka horar a zangunan mishan ne. Zangunan kuwa suka juya suka zama asibitocin kula da masu ciwo mai tsanani da masu nakasa. A 1956 S.I.M. ta buɗe irin wannan asibiti a Danja, kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar.

Da ƙwayar cutar ta fara jure wa dapsone, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magunguna uku, dapsone da rifampicin da clofazimine. Da wannan haɗi ake warkar da kuturta cikin wata 6 ko wata 12. Tun 1995 ana ba da shi kyauta a dukan duniya.

SHUGABANCINSA DA RASUWARSA

A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin S.I.M. suka haɗu suka zama E.C.W.A., 'yan ƙasa suka fara riƙon al'amuransu. A 1957 aka naɗa Helser Babban Shugaban S.I.M. na dukan duniya, ya gāji Guy Playfair. Ya riƙe wannan matsayi har 1962, wato a cikin shekarun da Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai. Raymond Davis ne ya gāje shi.

Dokta Helser ya yi barci cikin Ubangiji a 1969, yana da shekara 72. A cikin wannan shekara ce aka soke dokar keɓe masu kuturta a Hawai, bayan fiye da shekara 100. An haife shi a shekarar da likitocin duniya suka ce a ware, ya rasu a shekarar da aka buɗe ƙofar Molokai. Wasu ƙasashe sun makara fiye da haka, gama sai 1996 Japan ta soke tata dokar. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan da yawa, Yadakunya kuwa, da ke ƙaramar hukumar Ungogo, ta zama asibitin gwamnatin Jihar Kano.

ABIN DA YA RAGE MANA

Da fari, kada mu ji kunyar tushenmu. An daɗe ana yi wa Kiristocin Hausa gori cewa addininsu na kutare ne da marayu. Wasu iyalai har sun ɓoye wa 'ya'yansu inda kakansu ya fara jin Bishara. Ya kamata wannan ɓoyo ya ƙare. Ubangijinmu da kansa a bayan gari ya sha wuya, kamar yadda wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 13, ta tuna mana. Wanda kakansa ya fito daga Yadakunya ko Babbar Ruga ko Amanawa ko Virgwi, bari ya gaya wa 'ya'yansa da sakin fuska.

Na biyu, kuturta ba ta ƙare ba. A 1998 Nijeriya ta kai ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, amma a shekarun baya-bayan nan ana samun sababbin masu cutar wajen 2,000 kowace shekara a ƙasar nan, a duniya kuma kusan 200,000. Ku sani cewa ba gādo ba ce, ba la'ana ba ce. Wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana da ƙarfin da zai hana su kamuwa. Ba a ɗaukarta ta gaisawa ko zama a benci ɗaya, sai ta doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba. Wanda ya fara shan magani kuwa ba ya ba kowa.

Na uku, ku da kuke aiki a majema da kamfanonin rini da na sabulu kun saba da ƙaiƙayi da ƙurajen da sinadari yake kawowa. Amma idan ka ga tabo mai haske ko ja-ja a fatarka, ba ya ƙaiƙayi, ka taɓa shi ba ka ji, ko hannunka ko ƙafarka yana mutuwa, kada ka rufe shi da riga don tsoron rasa aiki. Je ka asibitin gwamnati a duba ka. Wanda ya zo da wuri yakan warke ba tare da ya rasa ko yatsa ɗaya ba. Ɓoyo ne yake kawo nakasa. Ku kuma shugabanni a wurin aiki, kada ku kori mutum saboda cutar da take da magani.

Na huɗu, mu gyara harshenmu da halinmu. Mutum yana da suna, kada mu mai da cutarsa ta zama sunansa. Tsofaffin da suka warke amma nakasa ta rage musu suna nan a Bela, wasu suna bara a titunan da muke bi zuwa aiki. Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya, tun 1954. Zumuntar mata da ta maza da ta matasa za su iya ɗaukar wannan rana su kai ziyara, su ci abinci tare da su, su taimaki 'ya'yansu da kuɗin makaranta.

Dokta Helser ya yi aikinsa da hasken da yake da shi, a zamanin da babu magani. Mu muna da maganin, kyauta ne kuma. Shekara ta hamsin shekarar komowa gida ce. Allah ya ba mu zuciyar da za ta buɗe ƙofa ga duk wanda tsoro da kunya suka fitar, ya kuma albarkaci ikilisiyarsa cikin shekaru masu zuwa. Amin.